Jar akuya guda ta kai ni jami'a: roƙon kyaututtuka don ranar makarantar ƙauyenmu

(Wannan jawabi ne da na yi gaban ƴan asalin Gidan Sori mazauna Maraɗi. Waɗanda ba su samu zuwa ba sun ce in saka shi nan. Ga shi yadda na faɗe shi, sai ɗan gyara kaɗan.)



Iyayena alhazai da hajiyoyi, malamaina, yayyena da ƙannena, sannunku da zuwa. Na san wani ya rufe shago ya zo, wani ya aje babur ana cikin samun fasinja, wata ta bar tukunya bisa wuta. Allah shi saka da alheri. Ni ɗiyarku ce. A wani ƙauye na ƙaramar hukumar Gidan Sori anka yanke mini cibiya, can na yi firamare, kuma saboda makarantar nan tamu na tsaya gabanku yau. Ba zan yi ta kewaye-kewaye ba, roƙo na zo yi. Amma ba kuɗi na zo roƙo ba. Kaya nike roƙo, kyaututtukan da za mu raba ranar bikin makaranta. In kunka ba ni ƴan mintoci zan gaya muku abin da za mu yi da su, da dalilin da ya sa bikin ba shi yiwuwa sai da su.

Bari in fara da halin da makarantar take ciki, don da yawanmu mun daɗe ba mu leƙa ta ba. In mun je gida da salla, gaisuwa muke yi mu ci tuwo mu komo.

Aji shida ne, daga CI zuwa CM2. Uku gini ne, uku rumfar zana. Kuma kun san al'adar lakkwal: manya, ƴan CM, su ke cikin gini saboda jarrabawa na gabansu. Ƙanana, ƴan shekara shida da bakwai, su ake turawa rumfa. To wanda ya taso birni bai san abin da rumfar zana ke yi ma shekarar karatu ba. A takarda, watan Oktoba ake komawa makaranta. Amma rumfa da kara ake yin ta, kara kuwa sai an gama girbin gero. Sai iyaye sun kai amfanin gona gida, sannan a yanko kara, a kafa itace, a ɗaura zana. Kafin nan an ci makonni, yara suna gida ko suna gindin bishiya. In hunturu ya shigo, iska na ratsa zana kamar ba a kafa komi ba, ƙura ta cika ido, yaro na zaune bisa buhu shina rawar sanyi, malam na rubutu da alli iska na kaɗa allo. Da rani awaki da jakuna su cinye rabin bangon aji. Hadarin farko na watan Mayu ko Yuni in ya taso da guguwa, ya kwashe rumfar ya watsar, shekara ta ƙare ke nan. An datse ta daga gaba, an datse ta daga baya. Sannan mu zo mu ce yaran ƙauye ba su da ƙwaƙwalwa, sun kai CE2 ba su iya karanta sunansu. Ina za su iya, jama'a?

Da a nan matsalar ta tsaya, da sai mu ce a yi haƙuri. Amma kowa a ɗakin nan ya tuna ranar Litinin 8 ga Nuwamba 2021. A cikin garin Maraɗin nan da muke zaune, wuta ta kama azuzuwan zana na wata makaranta, yara sama da 25 sunka rasu, ƴan shekara biyar da shida. Anka yi zaman makoki na kwana uku a jiha. Kafin nan, ranar 13 ga Afrilu ta wannan shekarar, an yi irinta a unguwar Pays-Bas ta Yamai, yara wajen 20 sunka tafi. Allah shi jiƙansu, shi ba iyayensu haƙuri. Lokacin ina ɗaliba a Jami'ar Dan Dicko Dankoulodo. Na ga iyaye mata suna gudu ba takalmi, ba mayafi. Tun daga ranar, duk lokacin da na je gida na ga ƙannena suna shiga rumfar nan mai ƙofa guda, da mai tuyar ƙosai nesa kaɗan, da iskar hunturu na busawa, gabana faɗuwa yake yi. Busasshen kara ba shi jiran a ɗebo ruwa rijiya.

Bayan gobarar Maraɗi gwamnati ta hana azuzuwan zana a makarantun renon yara, kuma hukumomi da bakinsu sun ce akwai azuzuwan zana wajen 36,000 a faɗin ƙasa. Ku riƙe wannan adadin, don shi ne amsar tambayar da na san tana bakin wasu.

Tambayar ita ce: wannan ba aikin gwamnati ba ne? Wani ɗan uwana ma ya rubuto mini a WhatsApp, ya ce: “Ke da kike yawan zagin a ba talaka haƙƙinshi, yau ke ce da ƙoƙon bara?” Gaskiyarshi, aikin gwamnati ne. Ƙasar da ake haƙo uraniyum a Arlit, ake tace man fetur a Damagaram tun 2011, bai kamata ɗiyanta su yi karatu cikin abin da ko buhun hatsi ba ka yarda ka aje ciki ba. Wannan maganar mun faɗe ta, mun rubuta ta, kuma ba za mu daina ba, ko wa ke bisa mulki. Takardar neman aji ta makarantarmu tana gaban hukuma, za mu ci gaba da bin sawunta. Amma ku lissafa da kanku: in ana layi na dubu 36, ƙauyenmu da ko kwalta ba ta kai ba, na nawa ne a layin? Yaro sau guda yake shekara shida. Wanda ya shiga CI bana ba zai tsaya da girma ba har layi ya zo kanmu. Don haka muna neman haƙƙi da hannun dama, muna aiki da hannun hagu. Kuma wanda ya gina aji guda da guminshi, in ya je gaban hukuma neman biyun da sunka rage, muryarshi ta fi ta wanda ya je hannu rabbana.

Ga abin da munka shirya tare da kwamitin makaranta, wato COGES, wanda yanzu a takarda ake ce ma CGDES, da ƙungiyar iyaye mata. Ga waɗanda ba su sani ba, wannan kwamiti ba na ƙungiyarmu ba ne. Tsari ne na ƙasa, an ƙarfafa shi a jihar Tawa daga 2004 da taimakon Japan, daga baya anka yaɗa shi ko'ina, kuma mutanen gari ne ke zaɓen membobinshi. Su ne masu makaranta, mu ƴan taya aiki ne.

Burinmu bana aji guda ne. Guda tak, na ƴan CI, na bulo da siminti da rufin kwano, mai ƙofa mai faɗi da tagogi. Ba za mu yi muku ƙaryar cewa biki na yini guda zai gina aji uku ba. Samarin ƙauye sun yi alkawarin gayya: su za su haƙa tushe, su buga bulo. Masu amalanke za su ɗebo yashi da ruwa. Abin da gumi ba shi iya bayarwa shi ne siminti, ƙarfe, kwano, ƙofa, tagogi da ladan magini. Ƙiyasin da magini ya yi za mu manna shi ƙofar makaranta, mu saka hotonshi a shafin nan, kowa ya gani.

Kuɗin kuwa, ranar biki za mu tara su, bayan an gama girbi, lokacin da kowa ke da ɗan abin hannu kuma samari ba su tafi ci-rani ba tukuna. Ranar da mai gari da darakta sunka tsayar za mu sanar. Hanya uku ce. Ta farko kuɗin ƙofa: babba dala 20, wato sefa 100, ƴan makaranta kyauta. Ta biyu kuɗin rumfa: masu fura, masu ƙosai, masu kopto, masu tsire, kowa ya biya ɗan abin da anka yanka ya yi cinikinshi. Ta uku, wadda munka fi sa rai da ita, gwanjon kayan da kunka bayar.

To me zai fito da mutum daga gidanshi, ya baro ƙauyen da ke nesa, ya biya kuɗin ƙofa? Gasa. Gasa kuwa ba ta armashi sai da abin ci. Mu mutanen jihar nan ba sai an koya mana wannan ba. Tun 1975 da anka fara kokowar takobi ta ƙasa a Tawa, Kantu na Maraɗi ya ɗauko takobin farko, shi ya sa filin kokowar garin nan ke ɗauke da sunanshi. Kun taɓa ganin fili ya cika don a kalli kokowar da ba a sa komi ba? Za a yi kokowar samari tsakanin ƙauyuka, za a yi langa, dattawa za su buga dara, yara za su yi tseren jakuna. Ƴan makaranta kuma za su yi gasar karatu, da dikte, da lissafin ka, da kacici-kacici cikin Hausa, da karatun Alƙur'ani tare da almajiran makarantun allo.

Akwai abu guda da nike so ku ji daga bakina kafin ku ji shi a gari an ƙara mishi gishiri. Ba tombola za mu yi ba. Da farko ita munka yi niyya, don haka muke gani ana yi a manyan makarantun birni: a saida tikiti, a zuba cikin kwali, a jawo lamba, mai rabo ya tafi da firji. Da munka kai maganar gaban limamin ƙauye, ya saurare mu har munka gama, sannan ya ce mini: “Ɗiyata, mutum ya ba da kuɗinshi don sa ran a jawo lambarshi, in ba a jawo ba ya yi asara, wannan mene ne sunanshi?” Na yi shiru, don na san sunan. Ya ce aji da za a yi karatu cikinshi shekara da shekaru, kada a kafa tushenshi bisa abin da rabin gari za su ce caca ce. Munka tambaye shi mafita. Ya ce gasa ta ƙwazo babu laifi, muddin masu gasar ba su ne sunka zuba kuɗin da za a ci ba. Abin da za a ba wanda ya yi nasara ya fito daga hannun wani daban, wanda ya bayar don Allah.

Kun ga inda kunka shigo ke nan. Ɗan kokowa ba zai biya ko dala ba don ya shiga fili, yaro ba zai biya don ya yi gasar karatu ba. Kuɗin ƙofa kuwa ba za mu taɓa su mu sayi kyauta ba, na siminti ne. Ke nan in ba ku ba da kyaututtuka ba, babu gasa. In babu gasa babu taro, in babu taro babu aji. Da munka bi ta tombola, wataƙila kuɗin su fi yawa, amma da iyaye da yawa sun hana ɗiyansu zuwa, kuma da an samu abin faɗi a kan boko, wanda dama ba a rasa ba.

Yanzu ku ba ni dama in gaya muku abin da kyauta ta yi a rayuwata, don kada wani ya ɗauka wasan yara ne.

Ina CM2, shekarar da za mu yi jarrabawar satifika, magana ta riga ta fara yawo a gidanmu. An zo an gaida Baba a kaina har sau biyu. Baba ba mugu ba ne, Allah shi ƙara mishi lafiya, shina ji na yanzu haka za a kai mishi labari. Lissafi ya yi irin na kowane uba a ƙauye: koleji babu a garinmu, sai an kai yarinya wani gari, a nemo mata mai masauki, a kai hatsi, a sayi kaye da tufafi. Ina kuɗin? In kuma wani abu ya same ta can, wa zai ɗauki kunyar? Inna na so in ci gaba, amma ba ta da ta cewa.

Ƙarshen shekara darakta ya tara gari don a faɗi sakamako. Wani Alhaji mai fataucin fata, ɗan garinmu da ke zaune nan Maraɗi, ya aiko da jar akuya, ya ce a ba wanda ya zo na ɗaya a CM2. Kun san jar akuyar Maraɗi, ba sai na yi muku bayani ba: fatarta har Turai ake nemanta, ga yawan haihuwar tagwaye. Anka kira sunana. Ni ƴar mitsitsiya, akuya ta fi ƙarfina, tana ja ina ja, jama'a na dariya. Sai mai gari ya ce: “Ina uban yarinyar? Ya zo ya kama mata.” Baba ya taso ya karɓi igiya. Daga makaranta zuwa gidanmu, duk wanda munka gamu da shi sai ya tsaya ya ce: “Malam, barka, ashe ɗiyarka ce ta ɗaya.” Har ƙofar masallaci anka tare shi. Da dare na ji shi shina ce ma Inna: “Yarinyar ga, a bar ta ta gwada kolejin shekara guda mu gani.”

Shekara gudan nan ita ce ta zama huɗu, ta zama bakwai, ta kai ni jami'a. Akuyar ta haifi tagwaye, ɗiyanta sunka haihu. Duk watan Oktoba Inna ta kai ɗan bunsuru kasuwa, a sai mini kaye da bik da takalmi, a auna tiyar gero a kai ma matar da ta riƙe ni. Ba na ce akuya kaɗai ta yi ba. Akwai Inna, akwai malamin da ya yi ta zarya gidanmu, akwai matar da ta ba ni tabarma a ɗakinta shekara huɗu. Amma akuyar ce ta sa Baba ya ga karatun ɗiya mace da idonshi, abu mai ƙafa huɗu da ake ɗaurewa a turke. Alhajin nan ya rasu bai san abin da ya yi ba. Allah shi kai haske kabarinshi.

Sai dai labarin bai ƙare nan ba, kuma sauran shi ne ya fi damuna. Wadda muke zama benci guda da ita, ta fi ni lissafi nesa ba kusa ba. Ni ke kwafar nata. Ita ta zo ta biyu, da ɗan maki kaɗan na wuce ta. Kyauta guda ce a ranar, don haka ubanta bai riƙe igiyar komi ba. Kafin kaka ta zagayo an ɗaura mata aure. Yau in na je gida ita ke kawo mini fura, ta ce: “Madam, a taimaka a sa mini ido kan ɗiyata, tana CE1.” Ni ba gaba nike da aure ba, aure sunna ne, kowa na fata. Amma binciken ƙasa na 2012 ya nuna kashi 76 cikin 100 na matan Nijar masu shekara 20 zuwa 24 an yi musu aure kafin su cika 18, a jihar Maraɗi kuwa kashi 89. A Disamba 2017 gwamnati ta fidda doka ta kare karatun ɗiya mace. Doka na da amfaninta, amma doka ba ta zuwa zaure ta zauna da uba. Abin da ke juya zuciyar uba shi ne a kira sunan ɗiyarshi gaban mai gari.

Shi ya sa ba kyauta guda muke nema ba, kuma ba na ɗaya kaɗai za mu ba. Za a ba na ɗaya da na biyu da na uku a kowane aji. Za a ba yaron da bai yi fashi ba ko sau guda. Za a ba wanda ya fara shekara a baya ya ƙare a tsakiya, don shi ma ya yi kokowa. Za a ba uwar da ɗiyanta mata duka suna makaranta. Kuma kun san tun 2019 ƴan uwanmu daga Zamfara da Sakkwato da Katsina ke tsallako iyaka suna shigowa gundumar Gidan Rumji saboda ƴan bindiga. Ɗiyansu na zaune da namu cikin rumfa guda. A gasar nan babu baƙo babu ɗan gari, wanda ya ci ya ci.

To me za ku bayar? Kowa daga abin da ke hannunshi.

Na yara: kaye, bik, ƴan alluna, jakar makaranta, takalmi, sabulu, yadin ɗinki, turmin atamfa. Fitila mai aiki da hasken rana tana da daraja ƙwarai, don ƙauyenmu babu lantarki, yaro da fitilar nan shi da ƙannenshi duka za su yi bita da dare. Wanda Allah ya hore ma keke, ya tuna da yaran da za su shiga koleji suna taka kilomita da yawa a ƙasa. Wanda ke da akuya ko tunkiya, kun dai ji labarina.

Na manya masu kokowa da dara: rediyo, tabarma, buhun taki, bargo, shadda, buta da darduma.

Na gwanjo: rago, buhun gero ko wake ko gyaɗa, keken ɗinki, waya sabuwa, katifa. Ƴan uwanmu na Agye da Gazawa da na gani a nan, ku da Allah ya ba noman aya, buhu guda daga gare ku zai tada gwanjo. Wanda kuma ya ce shi kai tsaye zai kawo buhun siminti ko bandir ɗin kwano, wannan ba sai ya bi ta gwanjo ba, wurin magini za shi.

Wanda ba shi da kaya, shina da sana'a. Tela ya ce zai ɗinka ma yara biyar kayan makaranta. Mai aski ya ce aski kyauta ga ƴan ajin da sunka ci. Mai walda ya haɗa taga guda. Mai mota ya kai mana kayan daga Maraɗi zuwa ƙauye. Mai lasifika ya ba mu aron yini guda. Hannu ɗaya ba shi ɗaukar jinka, mu ƴan ƙauye mun san wannan ba a karin magana kaɗai ba.

Akwai kuma abin da ba mu so, ku yi haƙuri in faɗa. Ba mu karɓar riga ko hula mai hoton ɗan siyasa ko tambarin jam'iyya, ko ta wa ce. Ba mu karɓar abinci ko magani da kwanansu ya wuce. Kada a kawo matacciyar waya ko rediyon da ya daina magana a ce a ba yaro, wulaƙanci ne a kira sunan mutum gaban jama'a a miƙa mishi shara. Wanda ke so a faɗi sunanshi ko sunan shagonshi a lasifika, za a faɗa da godiya, babu laifi a ciki. Wanda ke so a ɓoye, za a ɓoye. Amma ba za mu jera yara marasa takalmi a ɗauki hotonsu don tallar wani ba. Sannan alkawari ba kyauta ba ne. In ka ce rago, za mu sanar da rago, ƙauyuka su taso saboda rago. Don Allah wanda bai tabbata ba ya faɗi abin da ya tabbata, ko sabulu sanda guda ne.

Saura magana mai nauyi, wadda in ban taɓo ta ba kamar na raina hankalinku ne. An taɓa tara kuɗi da sunan makarantar nan. Wasunku sun bayar. Ba a ga aji ba, ba a ga lissafi ba, kuma don kunya da zumunci kowa ya yi shiru. Ba zan kama sunan kowa ba, ba shari'a na zo yi ba. Amma na san tun daga lokacin, in an ce taimakon makaranta sai mutum ya sa hannu aljihu ya riƙe. Ban ga laifinku ba. Wanda maciji ya sara, in ya ga tsumma sai ya gudu.

Ga abin da munka ɗaure kanmu da shi. Duk abin da anka bayar, ko bik guda ne, za a rubuta shi cikin littafi guda, a ba mai shi rasit. Kowane mako za mu saka jerin abin da ya shigo a shafin nan, a karanta shi ƙofar masallacin ƙauye ranar Juma'a saboda waɗanda ba su karatu. Kayan ba gidana za su kwana ba, ba gidan wani ɗan ƙungiya ba. Ɗakin ajiyar makaranta za su, da kwaɗo biyu, mabuɗi guda wurin shugaban kwamiti, guda wurin shugabar iyaye mata. Ranar biki, kafin a kira magariba, za a zazzage kuɗin bisa tabarma a ƙirga su gaban mai gari da liman da duk wanda ke son tsayawa, a faɗi adadin a lasifika. Ba za su kwana biyu a hannun kowa ba, siminti da kwano za a saya, a saka rasit a shafi. In kunka ga mun kauce ma ɗaya daga cikin waɗannan, ku kira sunana a fili, na yafe. Ƙungiyar da ke neman gwamnati ta yi bayanin kuɗin jama'a, in ta kasa bayanin kuɗin ƙosai da na ƙofa, gara ta rufe baki.

Ƙannena da abokaina na birni, ku da za ku karanta wannan a waya, maganata ta ƙarshe da ku nike. Mun iya rubutu. In an yi gobara, cikin awa guda kowa ya sa baƙin hoto ya rubuta ta'aziyya, bayan mako guda mu koma gardamar ƙwallo. Ni ma na yi. Ba na ce ku daina rubutu ba, amma wannan karon ku haɗa da wani abu da ake iya ɗauka da hannu. Ku ƴan fada guda da kuke shan shayi kullum dare, ku haɗa kuɗin shayin kwana uku ku sayi fitila guda. Ƴan ajin jami'a, kowa ya kawo kaye biyu. Ke da kike saida turare ko atamfa ta intanet, ki ware guda. Kai da babanka ko ubangidanka ke da shago a babbar kasuwa, kai za mu aika, don kai ka san lokacin da ake samunshi da fara'a. Waɗanda ke Yamai, Kano, Legas, Agadas ko Libiya, ku rubuto ta akwatin saƙon shafin nan, za a gaya muku wanda zai karɓa da yadda rasit zai iske ku. Kuma ranar biki ku zo da kanku. Ku zo yaran nan su ga wanda ya zauna bisa buhun da suke zaune ya zama likita, ya zama malami, ya zama injiniya. Wannan ma kyauta ce.

Ni na fara da kaina, don kada in roƙi abin da ban yi ba. Har yau akwai jikokin jar akuyar nan a turken Inna. Na roƙe ta guda, ta ba ni. Na ce a ba yarinyar da ta zo ta biyu a CM2.

Littafi na nan bakin ƙofa wurin ƴan uwana biyu, wanda ya shirya ya rubuta kafin ya fita. Wanda bai shirya ba ya je ya yi shawara da iyali, muna nan. Allah shi sa abin da za ku bayar ya zama sadaka mai gudana, shi tsare mana ɗiyanmu daga wuta da kowane sharri, shi ba ƙasarmu zaman lafiya da damina mai albarka.